Sammako a Kasuwar Kifi ta Toyosu

Idan Allah ya kai ɗayanku Tokyo, babban birnin Japan, kada ya dawo bai leƙa Toyosu ba. Kasuwar sarin kifi ce, tana cikin mafiya girma a duniya. An buɗe ta a watan Oktoba na 2018, bayan an tashi tsohuwar kasuwar Tsukiji wadda ake ci tun 1935.

Mai son ganin abin kallo sai ya yi sammako. Tun ƙarfe biyar na asuba na isa, domin kafin shida ake fara gwanjon tuna, wani ƙaton kifin teku mai jan nama, wanda wani ya fi ƙarti uku nauyi. Baƙi ba sa cuɗanya da 'yan kasuwa. Daga bene muke kallo ta bayan gilashi, don kada mu kai wa kifin datti.

An jera kifayen sahu-sahu a kan daɓe mai launin kore, wanda aka zaɓa domin jan naman ya fito sosai. An datse wutsiyar kowane. Mai saye zai duƙa ya haska wurin da tocila, ya ɗan ciro naman ya murza da yatsu, ya ji yawan kitsensa. Da wannan kaɗai zai yanke abin da zai taya. Da an kaɗa ƙararrawa sai mai gwanjo ya shiga kira kamar mai waƙa, masu saye suna amsawa da alamar yatsu. Cikin 'yan daƙiƙu an sallama kifi guda. A gwanjon farko na shekarar 2019, wani mai gidajen abinci, Kiyoshi Kimura, ya sayi tuna ɗaya mai kilo 278 a kan yen miliyan 333.6.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne babu ƙarni, babu ƙuda. Mu banda muke yi wa kifi don kada ya lalace, su kuwa da sanyi suke kiyaye shi. Japanawa ɗanye suke cin naman tuna, saboda haka wanda aka kamo a teku mai nisa, tun a jirgi ake daskarar da shi a sanyin digiri 60 ƙasa da sifili. Kifin da ya sha zafi ya zubar da darajarsa, wahalar masunci ta tashi a banza.

Sai dai wannan tsada ta kusa jawo asara. An yi ta kamun tuna har ya yi ƙaranci a tekun Fasifik, dole ƙasashe suka ƙayyade yawan da kowa zai kama, musamman ƙanana. Yanzu ya fara yawaita. Ku da kuke nazarin kimiyyar halittu, ku riƙe wannan: idan aka kame ƙananan kifi bana, babu manyan da za a kai kasuwa baɗi.