Firizata da Surukata

Shekara shida da suka wuce na koma aikin koyarwa a wata sakandare da ke nan Kano, a lokacin autana yana da wata takwas. Ina fita ƙarfe bakwai saura, ba na shigowa gida sai bayan La'asar. Duk uwargidan da ta taɓa dawowa a gajiye ta tarar da yara uku suna kallonta, tukunya ko ruwa babu a ciki, ta san halin da nake faɗi. Wata biyu muka yi muna rayuwa a kan taliya da manja da yaji, har maigidan ya fara tsayawa wajen mai shayi kafin ya iso gida. Bai taɓa yi min ƙorafi ba, kuma shirun nan ya fi ƙorafin ciwo.

Da na ɗauki adashe sai na sayi firiza. Ranar Asabar ta zama ranar aiki. Da sassafe ina kasuwar 'Yankaba, in sayo tumatir da tattasai da attaruhu da albasa, a kai markaɗe, in zuba a babbar tukunya in bar shi yana tafasa har ruwan ya ƙone, ya yi kauri, tsamin ya fita. Idan ya huce sai in raba a ƙananan robobi, kowace roba miyar kwana ɗaya. Wake kuma in surfa shi in wanke, in tsane, in ƙulla a leda, ranar da ake son ƙosai ko alala sai dai a kai inji. Naman ma dafa shi nake da kayan ƙamshi, romon daban, tsokar daban. Da wannan, miyar da a da take cin awa biyu ta koma minti ashirin.

Kek ɗin makarantar yara ma a ranar nake gasawa, kuma ba ni da oba. Yashi mai tsafta nake zubawa a gindin tsohuwar tukunya, in rufe ya yi zafi kamar minti goma. Bota leda ɗaya mai giram 250, sukari gwangwanin madara ɗaya da rabi, in buga su har su yi fari, sannan ƙwai 5 ɗaya bayan ɗaya, fulawa gwangwani 3, bekin hoda ƙaramin cokali ɗaya. In shafe gwangwanayen da bota, in zuba rabi-rabi, in jera a kan yashin, wuta kaɗan-kaɗan. Kada ki yi ta buɗe murfin, zai faɗa. Idan kin soka tsinke ya fito a bushe ya gasu. Kek yana jure firiza fiye da yadda mutane suke zato: wanda na cire da asuba, kafin a tashi tara ya yi laushi kamar yanzu aka sauke.

Mutum ɗaya ce ba ta yi na'am da tsarin ba, Hajiya, mahaifiyar maigidan. Duk zuwan da za ta yi sai ta tsoma cokali a miya, ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, "Ke 'yar nan, wannan ta yaushe ce?" In ce, "Hajiya, yanzu na haɗa." Ta ce, "Haɗawa na ji, dafawar nake tambaya." A wurinta abincin da ya kwana bakwai a ƙanƙara ya riga ya mutu, kuma macen da take ba mijinta irinsa ta rage masa wani abu daga haƙƙinsa. A zuciyata nakan ce, to ɗumamen tuwon da kuka tashe mu da shi fa? Amma ban taɓa furtawa ba. Wa ya isa?

Sai ga ƙarshen Oktoban 2024, lokacin da Kano da yawancin jihohin Arewa suka shafe sama da mako guda babu wutar lantarki. Ranar Asabar ɗin da ta gabata na cika firiza taf, da kuɗin da ya kusa rabin albashina. An ce firizar da take cike, idan ba a buɗe ta ba, tana riƙe sanyi kusan awa 48, wadda take rabi kuma kusan 24. Ni kuwa tsoro ya sa nake buɗewa kowane lokaci ina taɓawa, wato da hannuna nake fitar da sanyin. Litar fetur ta haura naira 1,000, ƙaramin janaretonmu ma ba ya ɗaukar firizar. Ƙanƙara ta yi tsada, samunta ma sai da layi. Kwana na uku na ɗaga murfi na ga jan ruwa kwance a ƙasa. Zama na yi a bakin ƙofar kicin na yi kuka.

A haka Hajiya ta same ni. Na shirya jin "ai na faɗa miki", amma ba ta ce ba. Ta cire mayafi, ta ɗaura zani a ƙirji, ta ce, "Tashi ki kawo min babban kasko da gawayi." Ta fito da komai tsakar gida tana taɓawa ɗaya bayan ɗaya. Abin da yake da sauran ƙanƙara a jikinsa gefe guda, abin da ya saki ya yi ɗumi gefe guda. Alala da dafaffiyar shinkafa da waken da ya fara yauƙi ta ce a zubar, ko almajiri kada a ba wa. Na ce ai alalar ba ta yi wari ba. Ta ce ba duk abin da yake kwantar da yaro ne yake wari ba.

Naman da yake da sanyi ta sake tafasa shi da gishiri, ta soya rabi ƙarau a mai har ya daina kumfa, ragowar ta sa aka daka a turmi muka yi dambu. Markaɗen ta juye a kasko ta soya shi da mai sosai har man ya taso ya rufe shi, ta ce a riƙa ɗumama shi safe da yamma. Abin da ya fi ƙarfinmu muka zuba a kwanuka, yara suka rarraba wa maƙwabta. Muna aikin tana ba ni labarin yadda suke yanka tumatir da rani su shanya a kan tabarma ya zama kauɗa, da yadda naman layya yake kai su watanni a cikin tukunya ba tare da sun san wata aba wai ita firiza ba. Sai bayan Isha muka gama, kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi bola.

Har yanzu ina girkin Asabar, sai dai na rage. Na mako ɗaya nake yi, ba na wata ba. Ina jera gorunan ruwa a ƙasan firizar su daskare, su riƙe sanyi idan an ɗauke wuta. Akwai kuma kofin ƙanƙara da na ɗora wa tsaba a kai: idan na dawo na tarar tsabar ta nutse ƙasa, na san kayan sun narke sun sake daskarewa ba na nan. Da rani, lokacin da tumatirin Kura da Kadawa ya yi araha, rabin kwandon nake markaɗawa, rabin in shanya.

Hajiya ba ta fasa tambayar miyar yaushe ce ba. Amma watan jiya da za ta tafi, ta tsaya a bakin ƙofa tana gyara mayafi, ta ce, "Wannan kek ɗin naki na yashi, idan da saura a cikin akwatin sanyin, ƙulla min guda huɗu. Ina da baƙi ranar Juma'a."