Neman Wayar Mutum-mutumi: Daga Sabon Gari Zuwa Alaba

Ɗalibanmu na kulob ɗin kimiyya sun gama haɗa gangar jikin mutum-mutumin da za su shiga gasa da shi. Tayoyi sun hau, injina sun zauna, saura a kai musu wuta. Masu shirya gasar sun aro ƙa'idodin lantarki daga gasar FIRST ta Amurka, wadda Dean Kamen ya kafa ƙungiyarta a 1989, aka fara fafatawa a 1992. A batun waya ƙa'idar ba ta da sassauci. Dole cikinta ya zama jan ƙarfe. Wadda za ta tashi daga batir mai bolt 12 zuwa babban bireka mai amfiya 120 sai lamba 6 a ma'aunin AWG. Layin da ke ɗaukar amfiya 40 zuwa injin taya sai lamba 12, na amfiya 30 lamba 14, na 20 kuma lamba 18. A ma'aunin nan, in lamba ta hau, kaurin waya ne ya sauka. Kasuwarmu kuwa da milimita murabba'i take magana, don haka lamba 6 ita ce 16 a wurinmu, lamba 12 ita ce 4, lamba 14 kuma 2.5. Na rubuta wannan a bayan ambulan na sa a aljihu, tare da reza, laita, ɗan maganaɗisu da ƙaramin sikelin kicin.

Daga gida na fara, wato titin Faransa a Sabon Garin Kano. Can akwai waya mai kyau, ta kamfanonin cikin gida irin su Coleman, Cutix da Nigerchin, wadda masu aikin wuta ke yabawa. Amma akasarin abin da na gani a jere wayar gini ce, mai sili ɗaya ƙaƙƙarfa ko sili bakwai, wadda aka yi don a binne ta a bango ta shekara talatin ba ta motsa ba. Mutum-mutumin gasa kuwa ba ya zama wuri guda. A cikin minti biyu da rabi na zagaye ɗaya zai yi gudu, ya ci birki, ya yi karo da wani, hannunsa ya miƙe ya lanƙwashe. Wayar sili ɗaya a irin wannan jijjiga tana gajiya a daidai bakin da aka ɗaure ta, kamar yadda yaro ke lanƙwasa wayar shanya gaba da baya har ta tsinke. Abin da muke nema shi ne mai sili-sili masu yawa, sirara, mai laushi. Wani dattijo mai shago ya saurare ni har na gama, ya ce, "Malam, wannan ba kayanmu ba ne. Ka nemi masu sola da masu walda, in kuma mai laushin roba kake so, sai Ikko."

Yaran Amurka ba su san wannan wahala ba. Suna shiga shafin AndyMark ko REV Robotics su yi oda, kaya ya iso ƙofar makaranta da lambar AWG a jikinsa. Mun duba wannan hanya. Jan ƙarfe abu ne mai nauyi, kuɗin jirginsa a dala yake, ga kwastan, ga jira, ranar gasa kuma ba ta jiran kowa. Akwai masu araha a manyan kasuwannin intanet, sai dai hoto ba ya nuna abin da ke cikin roba, kuma kuɗin da iyaye suka tara ba na gwaji ba ne. Da ma ina da bashin zumunci wurin kawuna a Agege, can Legas, wato Ikko, sai na haɗa biyun.

Motar dare na hau daga Sabon Gari. Zariya da Kaduna duk a duhu muka wuce su, aka tsaya a Lakwaja aka ci abinci, na yi sallah a gefen wata rumfar mai shayi. Daga Okene hanya ta shiga duwatsu da kwana-kwana, gari ya waye mana a ƙasar Yarbawa, ganye ya rufe ko'ina. Fiye da kilomita dubu ne, kuma ƙafa tana shaidawa. Mun wuce Badun, muka shiga cunkoson bakin Legas.

Kawu ya yi mamakin abin da ya kawo ni. "Ɗana, duk wayar da ke Kano ba ta ishe ku ba?" Na kwatanta masa, ya gyaɗa kai, ya ce gobe ɗansa zai raka ni kasuwar Alaba, don ba wurin da baƙo ke shiga shi kaɗai ya fito da abin da ya je nema ba ne.

Kasuwar Alaba tana Ojo, a gefen babbar hanyar Badagiri, kusa da jami'ar jihar Legas. Danfo muka bi har inda ake sauka a shiga. Gari ne guda: layin talabijin daban, layin janareta daban, layin kayan wuta daban, kiɗa na tashi daga lasifikan da ake gwadawa, 'yan dako da kura suna neman hanya. Tun kafin ka tsaya samari sun kewaye ka, kowa na cewa, "Alhaji, me kake nema? Akwai a shagonmu." Ɗan kawuna ya hana ni bin kowa. Ya ce wanda ya ja ka yana da kasonsa a cikin farashi.

A shagon farko aka sauko mana da naɗin waya ja, mai laushi, an rubuta 4 a jikinta, farashinta kuma ya yi daɗi ƙwarai. Na nemi a yanka min mita ɗaya in biya. Na feɗe robar na ɗora silin a sikeli. Lissafin ba wuya: jan ƙarfe yana da nauyin giram 8.96 a kowace santimita kubik, don haka mita ɗaya ta waya mai kaurin 4 ya kamata ta kai giram 36 ko kusa da haka. Wannan ko rabi ba ta kai ba. Na kankare sili ɗaya da reza, jan ya tafi, fari ya fito. Na kunna laita a ƙarƙashinsa, nan take ya lanƙwashe ya zube. Alminiyam ce aka shafa mata jan ƙarfe a baya. Alminiyam tana narkewa a digiri 660, jan ƙarfe sai ya kai 1085, shi ya sa silinsa ke yin ja a wutar laita amma ya tsaya.

Irin wannan waya tana ba ni haushi, domin a kan yara laifinta ke faɗawa. Alminiyam tana ɗaukar kusan kashi 61 cikin ɗari ne kawai na wutar da jan ƙarfe mai kaurinta zai ɗauka. In injina huɗu suka ja wuta a lokaci guda, wani kaso na ƙarfin batir yana ƙarewa a hanya ya zama zafi, bolt ya faɗi, kwamfutar mutum-mutumin ta katse injina don ta kare kanta, ya tsaya cik a tsakiyar fili. Yaran za su kwana suna binciken manhajar da suka rubuta, suna zargin junansu, alhali matsalar tana cikin roba inda ido ba ya kaiwa. Kuma silin alminiyam yana saurin karyewa a bakin matsewa. Mai shagon bai yi gardama ba. Ya ce ai akwai mai tsada, araha na tambaya. Na biya mitar da na yanka muka fita.

Bayan nan na sauya yadda nake shiga shago. Kafin in tambayi farashi, sai in ce ina so a sayar min da mita ɗaya in gwada a nan gabansu. Wasu suka ce ba sa yanka naɗi, muka yi gaba. Wani ya kawo wata da maganaɗisu ya kama, wato baƙin ƙarfe ne a ciki. Can a layin masu sola da inbata muka sami wani mutum wanda da kansa ya miƙo min almakashi. Silin wayarsa fari ne fat, har ɗan kawuna ya taɓa ni yana nufin mu tafi. Amma da muka dubi bakin yankan sai ga ja a tsakiyar kowane sili. Jan ƙarfe ne da aka shafa wa kuza don kada ya yi tsatsa, akasin waccan ke nan. Sikeli ya nuna giram 34. Na sayi ja da baƙa, tunda ƙa'ida tana son a bambanta layin wuta da na dawowa da launi, na kuma tabbatar rubutun kaurin yana fitowa sarai a jikin robar, domin shi alƙalin duba ke karantawa. Wayar sola tana da ɗan tauri saboda robarta ninki biyu ce, amma ga layin da zai kwanta a gangar jiki ba ya motsi, ban ga abin da ya fi ta ba a kuɗinta.

Ta hannun mutum-mutumin, mai lanƙwasawa kullum, ita ce ta ci mana yini. Mai robar silikon muke so, wadda ke jure zafin digiri 200 inda robar wayar gini ke tsayawa a 70, kuma silinta sirara ne kamar ba za su riƙu ba. Mai solar ne ya kwatanta mana wani ɗan ƙaramin shago a bene, na masu sayar da kayan gyaran na'urori da batiran jirage marasa matuƙi. Can muka same ta da lambar AWG a jiki, 14 da 18. Tana da tsada, kuma robarta ba ta son kaifi, ƙarfe na goga ta sai ta tsage, don haka na sayi daidai tsawon da hannun ke buƙata da ɗan ƙari, na haɗa da zoben roba na sawa a ramukan da za ta bi.

Babbar wayar batir ban saye ta a Legas ba. Na ga mai kyau, amma da na riƙe ta sai na gane wayar masu walda ce mai kaurin 16, irin wadda dattijon titin Faransa ya ambata, kuma guntuwa muke buƙata. Da na dawo Kano na shiga kasuwar Ƙofar Ruwa da sikelina. Mita ɗaya ta jan ƙarfe mai wannan kauri tana kai giram 143, ta shago na biyu da na shiga ta zo kusa da haka. Wani riwaya da ke gefen shagon ya matse min kawunanta da babban abin matsewarsa, ya ba ni ya ce in ja da ƙarfina. Ba ta zame ba.

Ɗaliban na ba su guntayen da na yanka a hanya, mai kyau da marar kyau a haɗe, ba tare da na gaya musu wacce ce wacce ba. Da reza da sikeli suka ware su kafin a tashi. Mun rubuta a littafin kulob inda aka sayi kowace iri da nauyin mitarta, don waɗanda za su gaje su. Ta walda a Kano take, ta sola ma za mu fara gwada masu sola na gida kafin mu nemi ta nesa. Ta silikon kuwa, ɗan kawuna ya riƙe lambar shagon benen, in mun tashi zai saya ya sako mana ita a motar dare.