Kafin Yaro Ya Iya Zama

Har yau ina mamakin yaron nan da ke tsugunawa bakin akurkin kakarmu a Dingaya, da tsohon gwangwanin madara a hannu, yana jefa tsakuwa ɗaya kowace safiya tun daga ranar da kaza ta hau kwanci. Ba wanda ya sa shi. Warin kashin kaji da toka da danshin bunu bai dame shi ba, ƙumar da ke hawa ƙafarsa ma bai kula da ita ba, shi dai tsakuwa ta cika ashirin da ɗaya, ya kara kunne ya ji ɗan ƙwas-ƙwas ɗin nan daga cikin ɓawo. Iya, kakar tamu, takan leƙo daga madafi da ƙoshiya a hannu, ta ce, "Maigidana, kai za ka ƙyanƙyashe mata ne?" Ba ya tankawa. Abin da ke cin ransa shi ne yadda ruwan da ake fasawa a kasko yake zama baki da ƙafa da ido, kuma ba a taɓa jin ido ya fito a gurbin ƙafa ba.

A shekarun nan ne masu lamba suka zo. Sanƙira ya kewaye gari bayan lisha, da hantsi aka tara mu ƙofar gidan dagaci, manya da yara, har da matan rugage da suka jere ƙoren nononsu a inuwar tsamiya. Abin da na riƙe shi ne warin sifirit, da ƙarar wata bindigar ƙarfe da ake taka mata feda, tas, an wuce da kai, tas, an wuce da na bayanka. Wurin ya yi ƙurji, ya ɗuri ruwa, ya bushe, ya bar mini tabo a dantse, yana nan har gobe. Cikin layin akwai dattawa masu zanzana a fuska, akwai makahon da agana ta cinye wa idanu tun yana goye, jikansa na ja masa sanda. Su ne na ƙarshe. Daga 1970 ba a ƙara samun mai agana a Najeriya ba, a 1980 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi shelar cewa ta ƙare a doron ƙasa. Ni dai ran nan shafa dantsena nake yi, ina tambayar kaina ta yaya jiki zai gane abokin gabar da bai taɓa gamuwa da shi ba.

Sai ƙanena. Da kaka aka haife shi, dawa na tsaye a gona, gidan ya cika da ƙamshin jego: tururin ganyen runhu da darbejiya daga babbar tukunya, kunun kanwa mai yaji a ƙwarya, hayaƙin garwashin da ake turawa ƙarƙashin gadon ƙasa na Inna. Kafin shi ta binne biyu, don haka tsofaffi suka ce wabi take yi, aka ƙi yi masa ado, aka ɗaura masa kambu, aka riƙa kiransa da sunan juji ko mutuwa ta raina shi ta wuce. Ya yi ɓul-ɓul, ya yi kumatu, ko mura bai yi ba duk tsawon hunturu, har Inna ta fara sakin jiki, na riƙa jin ta tana yi masa tawai a bakin turmi. Yana fara koyon zama, an tokare shi da tsummoki cikin masaki, sai bayan hannuwansa da na ƙafafunsa suka kumbura, suka yi zafi, ya riƙa tsala ihu in an taɓa. Wanzami ya zo da zabirarsa ya yi tsaga. Aka ba shi rubutu, aka jiƙa saiwoyi, idanunsa suka yi ɗorawa, ya samu sauƙi, abin ya dawo. Wani zazzaɓi na kwana ɗaya ya tafi da shi da damina. Bai kai yaye ba.

Mutuwar yara ba baƙuwa ba ce a unguwarmu. Abin da ya ƙi barina shi ne watannin nan shida na ƙoshin lafiya. Me ya tsare shi a cikinsu, me kuma ya sake shi?

Da wannan tambaya na tafi Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, cikin akwatin kwano da Baba ya ɗaure da igiyar rama, ƙuli-ƙuli da ɗan tulun man shanu a ƙasan kaya. Ran hutu mukan hau duwatsu mu tsaya gaban shanun da mutanen zamanin da suka zana a Dutsen Habude, amma ni zuciyata tana ɗakin kimiyya, inda warin fomalin ke shiga ido, kwaɗi da macizai na kwance cikin kwalabe, tsohuwar fanka na ƙiƙi-ƙiƙi a sama. Wata safiya malaminmu ya fasa ƙwai mai kwana uku da kwanci cikin farantin gilashi da ruwan gishiri mai ɗumi, ya ce mu matso ɗaya bayan ɗaya. A bisa gwaiduwa jajayen jijiyoyi sun bazu, a tsakiyarsu wani ɗigon jini yana motsi, yana tsayawa, yana motsi. Zuciya ce. Ta riga fiffike, ta riga baki. Ran nan na gane cewa Allah ya yi wa kowace gaɓa sa'arta, akwai abin da ke ba da umarni a fara, akwai kuma mai cewa a daina.

A Zariya, bayan darussan Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ɗakin gwajin tsohon asibitin koyarwa na Tudun Wada ya zama gidana na biyu. Sunaye biyu ake yawan ambata a wurin: Brian Greenwood, wanda ya yi shekara goma daga 1970 yana binciken sanƙarau da yadda zazzaɓin cizon sauro ke raunana garkuwar jikin yara, da Alan Fleming, masanin jini. Wani dattijon ma'aikaci mai tabarau ɗaure da zare ya koya mini ɗiga jini a gilashi, in haɗa da ruwan maganin da ke zuƙe oksijin, in like gefen da basilin, in jira. Da na leƙa madubin, jajayen ƙwayoyin da ya kamata su zama zagayayyu sun lanƙwashe, sun yi tsini baki biyu, kamar laujen Baba da ke rataye jikin rumbu. Jinin wata jaririya ne mai sikila, uwarta na zaune a baranda ta lulluɓe ta da gyale. Na fita na gaishe ta, na ɗaga gyalen na dubi bayan hannun yarinyar. Na san wannan kumburi.

Daga baya na karanta sakamakon aikin Garki, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka gudanar daga 1969 zuwa 1976 a ƙauyukan da yanzu suke cikin jiharmu ta Jigawa. Kusan biyu cikin kowane ɗari na jarirai da sikila ake haihuwarsu, cikin manya kuwa da ƙyar aka samu mai ita. Sun tafi tun suna ƙanana. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da rabin gadon, lafiyarsa lau, har ya fi wasu jure zazzaɓin cizon sauro, yadda Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka a 1954. Inna da Baba auren zumunci suka yi, kowannensu da rabinsa. Da na gwada nawa jinin, rabi na tarar.

Watannin shida fa? Amsar biyu ce, kuma su biyun nan suka cinye mini ƙuruciya da furfura. A watannin ƙarshe na ciki uwa tana tura wa ɗanta garkuwarta ta mabiyiya, abin da jikinta ya koya daga cututtukan da ta sha, ta ƙara masa da dakashi, ruwan nonon farko mai kauri da na sha gani ana matsewa ana zubarwa bayan ɗaki. Garkuwar nan aro ce, tana raguwa wata bayan wata, shi ya sa ake jinkirta allurar ƙyanda sai wata tara. Sannan jinin ɗan tayi daban yake da na manya. Yana da nasa himogulobin mai janyo oksijin daga jinin uwa, wanda kuma ba ya lanƙwashewa. Wata likitar yara a birnin New York, Janet Watson, ita ta lura da haka a 1948. Bayan haihuwa jiki yana rufe ƙwayar gadon da ke yin na tayi, ya buɗe ta manya, wajen wata shida canjin ya yi nisa, sai abin da ke ɓoye ya bayyana: ɗigon sinadari ɗaya tak da ya sauya a gurbi na shida na himogulobin manya, wanda Vernon Ingram ya gano a Kambirij a 1957. Lanƙwasassun ƙwayoyin su toshe jijiyoyin ƙananan ƙasusuwan hannu, su toshe saifa, wadda ita ke tace ƙwayoyin cuta daga jini. Garkuwar uwa ta ƙare, saifa ta gaza. Zazzaɓin kwana ɗaya ya isa.

Haka shekaru suka shuɗe mini tsakanin firjin kananzir mai shuɗiyar wuta a gindi, da warin ruwan tsami, da jan rinin da ke kama yatsu ya ƙi fita ko da sabulun salo, muna bin jarirai daga suna zuwa yaye, muna auna ragowar jinin tayi a jikinsu, muna rubutawa cikin manyan littattafai masu baƙin bango. Wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki, mu kunna fitilar ƙwai, mu sake daga farko. Wata uwa ta taɓa riƙe hannun rigata ta ce, "Malam, jinin nan da kuke ɗiba, ina kuke kai shi?" Na shigo da ita na nuna mata a madubi, ta daɗe tana kallo, ta yi salati. Abin da muka riƙa gani shi ne abin da wasu suka gani a Jamaika da Saudiyya: yaron da jikinsa ya yi jinkirin rufe na tayi, ciwonsa ya fi sauƙi. Mun san akwai mai rufewar. Ba mu muka same shi ba. A 2008 masu bincike a Boston, ƙarƙashin Stuart Orkin, suka nuna cewa ƙwayar gado mai suna BCL11A ce ke wannan aiki, kuma a tsaye na karance takardar, zama ya gagare ni. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da Casgevy, maganin da ke gyara ƙwayoyin ɓargon majiyyaci don jinin tayi ya dawo. A lokacin, kuɗinsa ya haura dala miliyan biyu.

Ba na sa ran wannan ya iso Dingaya ina raye. Amma a cikin jarirai kimanin 150,000 da ake haifa da sikila a Najeriya kowace shekara, abin da zai tsare yawancinsu yana nan kusa: ɗigon jini daga dunduniyar jariri a makonnin farko, fenisilin kullum, wanda gwajin da aka yi a Amurka a 1986 ya nuna yana rage mummunar cutar jini da fiye da kashi 80 cikin ɗari, gidan sauro, alluran rigakafi a kan lokaci, da haidiroksiyuriya mai ɗaga jinin tayi, wanda aka gwada kan yara a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Tun da na ajiye aiki, in na je gida nakan zauna da limamai masu ɗaura aure mu yi maganar gwajin jini kafin a sa rana, in kuma zauna da ungozomomi, waɗanda su ne ke fara riƙe kowane ɗa a garin. Suna kirana Alhaji, ina kiransu Goggo, suna jin maganata don sun san Inna, sun san abin da ta binne. Roƙona gare su ɗaya ne. A kawo jariri yana da lafiyarsa, kafin ya iya zama.