Kafin Kare Ya Kai Cizo

Ku ɗan matso, maganar nan tsakaninmu ce, don na san akwai wanda a cikinmu ko sunan kare aka ambata sai ya tattare riga. To amma muna so ko ba ma so, karnuka suna nan cikin unguwa: na masu gadi, na mafarauta, da na maƙwabcin da ya ɗaure nasa a ƙofar gida. Kuma yaranmu ne ke gilmawa ta gabansu safe da yamma.

Abin da ke ba ni takaici, in kare ya ciji yaro sai ka ji ana rantsuwa, "Wallahi haka kawai, yana ma kaɗa wutsiya!" Ina haka kawai? Kaɗa wutsiya ba kullum ne gaisuwa ba, alama ce dai cewa jininsa ya motsa, ko na murna ko na faɗa. In wutsiyar ta saki, tana lilo har ƙugu na bin ta, lafiya lau. In ta miƙe sama ƙiƙam, bakinta kaɗai ke kaɗawa da sauri, ja da baya. A 2007 wasu masana a Italiya, har da Giorgio Vallortigara, suka gano wutsiyar ta fi karkata damar karen in ya ga ubangidansa, ta karkata hagu in ya ga baƙon kare mai ban tsoro. Ni dai ban ce kowa ya tsaya auna dama da hagu a gaban karen da bai sani ba.

Tun kafin a kai nan ma, kare ya daɗe yana roƙon a ƙyale shi. Zai yi hamma alhali ba barci yake ji ba, ya lashi hanci, ya kau da kai, ya kwantar da kunnuwa. Wata mai horar da karnuka 'yar Norway, Turid Rugaas, ta yi suna a kan waɗannan alamu, tana kallonsu a matsayin hanyar da kare ke neman sulhu. In ba a ji ba, sai ya juya kai gefe yana kallonka ta wutsiyar ido har farin ya bayyana. Daga nan sai abin da ni na fi tsoro: ya rufe baki, ya daina haki, ya sandare. Mai haushi na ta cika unguwa da hayaniya, amma wannan da ya yi tsit ya fi kusa da kai cizo.

Masu karnuka, ga taku. Don Allah ku daina dukan kare don ya yi gurnani. Gurnanin nan gargaɗi ne. Ka dake shi yau, ka dake shi gobe, tsoronsa na nan, gargaɗin kawai ka kashe; wata rana sai haƙori ba sallama.

Kare mai son wasa kuwa ba ya ɓuya: ya kwantar da ƙirji ƙasa, ya ɗaga baya sama.

Ku koya wa yara su bar jifa, su bar kare in yana cin abinci, su yi nesa da karya mai kwikwiyo. In baƙon kare ya tunkaro, kada a ruga, don gudu ke tsokano shi bi. A tsaya cik, a ba shi gefe, a sauke hannu, kada a ƙura masa ido.

Sai dai duk karatun nan ba ya aiki a kan mahaukacin kare, domin cutar ta riga ta taɓa ƙwaƙwalwarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, yara kuma na da yawa a ciki. In an yi cizo, ko ƙwarzane ne kawai, a wanke wurin da sabulu da ruwa tsawon minti 15, a wuce asibiti neman allura a ranar. Kada a jira a ga abin da hali zai yi, don da zarar alamun cutar sun bayyana, da wuya a tashi.