Molly Mai Goge

Yahudawan gabashin Turai suna da wani harshe nasu, ana ce da shi Yidish. A zamanin da, da shi su ke ciniki, da shi uwa ke rarrashin ɗanta. Cikin mawaƙansa kaɗan ne suka kai Molly Picon farin jini.

An haife ta a birnin New York na Amurka cikin 1898. Tun tana yarinya ta ke wasan kwaikwayo, amma Yidish ɗinta bai nuna ba, sai mijinta ya kai ta Turai ta gyara shi a bakin masu abin.

Cikin 1936 aka ɗauki wasanta na sinima a ƙasar Polan. Ta fito budurwa da shigar maza, tana yawon goge gari gari. Talakawan garin Kazimierz su ne 'yan taron da a ke gani a ciki. Bayan shekara uku Jamus ta auka wa Polan. Kafin yaƙi ya ƙare an hallaka Yahudawan ƙasar wajen miliyan uku, har da yawancin waɗanda suka fito cikin hoton nan.

Cikin 1946 ta koma Turai, ta bi sansanonin waɗanda suka tsira tana yi musu waƙa da harshensu. Ta rasu cikin 1992.