Katangar Rufin Soro da Jarrabawar Tuƙi



A wannan wata ina shirin jarrabawar rubutu ta neman lasin tuƙi. Na gama koyon mota a makarantar tuƙi, hannu ya faɗa, amma har yanzu kowace yamma ina zama da littafin dokokin hanya na Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988. Ina so in raba da ku abin da wannan karatu ya buɗe mini a cikin Maganar Allah.

Abubuwan haddacewa suna da yawa. Alama mai da’ira da jan baki hani ce. Shuɗiyar da’ira umurni ce. Mai kusurwa uku gargaɗi ce: kwana, gada, ko makaranta a gaba. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, saboda haka a shataletale motar da ke zuwa ta hagunka ita ke da hanya. Ƙaramar mota ba ta wuce kilomita 50 a awa a cikin gari. Na yi lissafi, sai na ga ko a wannan gudu mota tana cin kusan mita 14 cikin daƙiƙa ɗaya. Wato kafin direba ya ɗaga ido daga waya, ya riga ya wuce inda yaro ke tsallaka titi.

Ba kowa ke ganin amfanin wannan wahala ba. Wani da ya girme ni ya ja ni gefe ya ce, “Ƙanena, wa ke ɓata lokaci da jarrabawa? Kawo kuɗi da hoto, in kawo maka lasin har gida.” Na gode masa, na ce zan bi layi. Ya yi dariya. Na san da yawa cikinmu sun ji irin wannan tayi, kuma idan aikin tuƙi na jiranka, aljihu kuma babu komai, maganar tana da daɗi a kunne.

Abin da ya riƙe ni yana cikin Maimaitawar Shari’a 22:8. A can Ubangiji ya umurci Isra’ilawa cewa duk wanda ya gina sabon gida ya kewaye rufinsa da ’yar katanga, domin kada wani ya faɗo, alhakin jini ya hau kan gidan. Rufinsu shimfiɗaɗɗe ne kamar soronmu. A kansa ake shanya, a kansa ake shan iska. Maigida ya san inda rufinsa ya ƙare. Katangar don baƙo ce, da yaro, da tsoho wanda idonsa ya yi rauni. Kuma Allah ya ce a gina ta tun gidan yana sabo, kafin kowa ya hau.

Haka nake ganin wannan jarrabawa. Kowace alama da na haddace bulo ce a katangar da ke tsakanina da ɗan acaba, da mai tallar ayaba, da mama mai komawa gida daga zumuntar mata. Ban san sunayensu ba, amma su ne maƙwabtan da Yesu ya ce in ƙaunace su kamar kaina. Lasin da aka saya zai iya wuce shingen jami’ai, amma ba zai taka birki ba.

Muna yawan roƙon Allah ya kiyaye hanya kafin motar ikkilisiya ta tashi zuwa taro, kuma daidai ne. Sai dai wani sashi na amsar wannan addu’a yana hannun wanda ke riƙe da sitiyari. Idan kai ma kana shirin lasin, nemi littafin, karanta kaɗan kullum, ka sa wani a zumunta ya riƙa yi maka tambayoyi. Ni ƙanwata ce ke zana mini alamomin a takarda, ina faɗin ma’anarsu.

Mu yi addu’a: Ya Uba, ka ba mu aminci cikin ƙananan abubuwa. Ka tsare hannuwanmu daga alhakin jini, ka sa tuƙinmu ya zama shaida gare ka. Cikin sunan Yesu, Amin.