Threes da Wasan da Ya Shige Gabansa

Wasan Threes ya fito a wayoyin iPhone a watan Fabrairun 2014, bayan Asher Vollmer da Greg Wohlwend sun shafe wata 14 suna sassaƙa shi. Fili ne mai gida 16. Kana tura lambobi sama ko ƙasa, hagu ko dama; 1 ta haɗu da 2 su ba da 3, daga nan sai iri ɗaya ke haɗuwa, 3 da 3, 6 da 6. Taki ɗaya tak kowace lamba ke yi, shi ya sa dole mutum ya dakata ya yi lissafi kafin ya motsa yatsa.

Masu sharhi sun yaba masa ƙwarai, har kamfanin Apple ya zaɓe shi gwarzon wasan iPhone na shekarar. Amma cikin 'yan makonni wani matashi ɗan Italiya, Gabriele Cirulli, ya saki 2048, wasa mai kama da Threes, wanda ya haɗa a hutun ƙarshen mako guda, kuma kyauta. Threes kuwa a lokacin sai an saya. Jama'a suka yi ca a kan na kyautar, har wasu suka ɗauka Threes ne ya yi kwaikwayo.

Wannan zaton ne ke sosa mini rai. Ban ga laifin Cirulli ba, don bai ɓoye inda dabarar ta samo asali ba. Sai dai a 2048 kana iya killace babbar lamba a kusurwa ka yi ta turawa, hankalinka na wani wuri. Threes ba ya yarda da haka, kuma saboda wannan taurin kan nasa nake komawa gare shi har yau.